An Fara

Litinin, 3 ga wata, 1:15 na rana, wurin aiki

Wannan littafin rubuta sunayen masu ganin likita ne na bara, rabinsa babu komai. Likita ya ce a zubar, ni kuma na ɗauka, don ba ni da wanda zan faɗa wa abin nan ban ji kunya ba.

Jiya Gimbiya ta yi wa Baba rashin kunya. 'Yata ta cikina, 'yar shekara takwas, ta yi wa mahaifina, a gaban baƙi. Kalma biyu ce kawai, da tsaki a gabansu. Ba zan rubuta su ba.

Abokansa biyu ne suka zo duba shi, tsofaffin da suka yi zaman shago tare lokacin yana gyaran rediyo. Shekara biyu ke nan yana wurinmu tun da ciwon suga ya cinye masa ido, kuma ba kullum ake zuwa wurinsa ba, don haka ya sa rigarsa mai kyau, ya sa na fesa masa turare. Ya kira Gimbiya ta kawo ruwa, ta kawo. Ya sake kira ta ƙaro kofi, ta ƙaro. Kira na uku tana gaban talabijin, sai ta ja tsakin nan ta faɗa. Ina kicin ina yanka albasa na ji.

Hannuna ya riga ni isa. Ban taɓa marinta ba sai jiya.

Ɗaya daga cikin tsofaffin ya so ya gyara, ya ce, “Haba, jika da kaka, ai wasa ne.” Baba bai yi dariya ba. Shi da kullum suna tsokanar juna, tana ce masa tsoho mai ran ƙarfe, yana ce mata Uwargida marar iya shayi, jiya ko murmushi bai yi ba. Ya juya fuskarsa, ba wajenta ba, wajen ƙofar kicin. Ban san dalili ba. Wanda ba ya gani ai ko ina yana iya juyawa.

Talata, 4 ga wata, 6:40 na safe

Abin da ke ci min rai shi ne, babu uwar da ta kai ni tsayawa a kan yarinya. Tun ba ta iya ɗaura takalmi ba na koya mata gaisuwa. A rusuna wa babba. A karɓa da hannun dama. Ba a cewa “eye?”, “na'am” ake cewa. Ba a ratsa manya suna magana. Duk benen nan, daga hawa na ɗaya har na huɗu, da ita ake yi wa yara misali. Sai ga shi rana ɗaya ta kwance min zane a kasuwa.

Na hana ta kallo har sai abin da hali ya yi. Ta ce “to, Mama,” ta rusuna ma da ta faɗa.

Laraba, 5 ga wata, 5:50 na yamma

Yau kwana uku Baba bai kira kowa ba.

Alhamis, 6 ga wata, 1:20 na rana, wurin aiki

Da, kafin in fita da safe sai ya kira ni sau biyar. Ina carbinsa. Ƙarfe nawa. A buɗe taga. A rufe taga. Shayin ya yi zafi. Yanzu shiru, kamar babu mutum a ɗakin. Ya kamata in ce na huta, amma shirun ya fi kiran gajiyar da ni.

Da safen nan na same shi a kicin yana laluben butar shayi, har ya ƙona bayan hannunsa. Na ce, “Baba, don Allah me ya hana ka kira ni?”

Ya ce, “Ai kina da aiki.”

Na shafa masa magani. Abban Gimbiya yana tsaye a bakin ƙofa da kayan garejinsa a jiki. Shi makanike ne, da injin mota yake doguwar hira, ba da mutane ba. A kan matakala na ce masa, “Ka ga abin da 'yarka ta jawo mana?” Ya tsaya yana neman makulli a aljihu, ya daɗe yana nema, sannan ya ce, “Yaro dai ba ya ƙera tsaki da kansa.” Ya sauka.

Me yake nufi? Shi ya sani. In magana ce da shi ya fito ya faɗa.

Asabar, 8 ga wata, 11:00 na safe

Yaya ya buga waya. Ashe Baba ya kira shi da wayarsa mai manyan lambobi, ya ce yana so ya koma wurinsa da zama. Zai zo ya ɗauke shi ranar Asabar, ashirin da biyu ga wata. Tafiyar awa tara ce a mota. Gidan Yaya yara shida ne da hayaniya, kuma babu wanda ya san lokacin allurarsa sai ni.

Minti arba'in Yaya yana min wa'azi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Matan yanzu sun bar tarbiyya sun kama aiki. Albasa ba ta yi halin ruwa ba, don mu ko ido ba mu taɓa haɗawa da Baba ba. Yaya ke nan, wanda sau biyu ya zo duba tsohon a shekara biyu, kuma duk zuwan da rabin buhun nasiha yake zuwa. Na ce “to, Yaya” har bakina ya bushe.

Da na kashe wayar na shiga banɗaki na kunna famfo na yi kuka. Ba na so ya tafi. Wallahi ba na so.

Lahadi, 9 ga wata, 4:30 na yamma

Na kai ta ɗakinsa ta ba shi haƙuri. Na shirya mata kalmomin tun a falo, ta haddace. Ko rabi ba ta kai ba ya ɗaga hannun nan mai bandeji.

“Uwargida, je ki yi wasanki, babu komai tsakanina da ke.”

Da ta fita na ce, “Baba, ka bari ta ƙarasa mana. Ai dole ta san ta yi laifi.”

Ya ce, “Shekara talatin da ɗaya ina gyaran rediyo. Mutum zai kawo min ya ce, wannan akwatin ba ya faɗin abin kirki. In buɗe in duba, in ga lafiyarsa ƙalau. Ba a dukan rediyo don abin da tasha ta faɗa.”

Na ce, “Gaskiya ne, Baba, talabijin ɗin nan ne ke lalata su.”

Ya ce, “Uhm.”

Talata, 11 ga wata, 2:00 na rana

Na roƙi awa ɗaya na je makarantarsu. Na tafi da faɗana a baki, don na tabbata a can ta kwaso. Malamarsu ta ba ni kujera, ta ce ita ba ta da ɗaliba mai ladabin Gimbiya, har ita ake turawa ta tarbi baƙi. Na ce to da wa take yawo? Ta lissafa min yara uku, duk na san iyayensu.

Har na miƙe sai ta yi 'yar dariya ta ce, “In suna wasan gida kullum ita ce uwa. Ta iya sosai. Har yadda take riƙe ƙugu in 'yar tsana ta kira ta...” Sai ta tsaya, ta hau gyara takardun da ba su hargitse ba.

Malaman yanzu ma surutu ya yi musu yawa.

Laraba, 12 ga wata, 1:10 na rana, wurin aiki

Wani dattijo ya zo a cire masa haƙori. Daga kujerar jira ya kira ni sau huɗu. 'Yata, saura mutum nawa? 'Yata, ina banɗaki? 'Yata, allurar da zafi? Duk kira in tashi in zagayo tebur da murmushi, “Na'am, ranka ya daɗe. Allah ya sawwaƙe, Baba.” Aikina ke nan, sannu da zuwa sau sittin a rana, ga masu kumburarren kumatu da ba su iya amsawa.

Mai Allura, abokiyar aikina, tana kallona, ta ce, “Ke kam haƙurinki har haushi yake ba ni. Mutanen gidanki sun dace.”

Na kasa cin abincin rana.

Alhamis, 13 ga wata, 6:30 na safe

Saura kwana tara. Shiru.

Asabar, 15 ga wata, 10:20 na safe

Abban Gimbiya ya fitar da Baba baranda ya sha iska, ni na shiga canza masa zanin gado. Na gama na zauna a bakin gadon, daidai inda yake zama, bayana jingine da bango. Ban taɓa zama a nan ba. Kullum a tsaye nake shiga, a tsaye nake fita.

Sai na ji an buɗe firij. Na ji an ajiye cokali a kan faranti, ƙaramin cokali. Na ji Abban Gimbiya yana 'yar waƙarsa ƙasa-ƙasa, wadda ko muna ɗaki ɗaya da kyar nake ji. Na ɗaga kai. Can sama kusa da silin akwai 'yar kafar iska mai raga, ta haɗa ɗakin da kicin. Shekara bakwai muna gidan nan ban taɓa lura da ita ba.

Kuma Baba mutum ne da ke gane ciwon rediyo daga ƙararsa tun bai buɗe ba.

Asabar ɗin dai, 3:45 na yamma

To bari in rubuta su. “Mtsw. An fara.”

Abin da ta faɗa ke nan. Ba zagi ba ne. In ka rubuta shi a takarda ma kamar ba komai ba. Sai dai a ji yadda ake jan “fara” ɗin, a ji numfashin da ke biyo baya.

Ana faɗinsa ne a kicin, a hankali, fuska na kallon tukunya. Daga nan a ɗaga murya a ce, “Na'am, Baba, ga ni nan zuwa!” da zaƙi kamar an zuba zuma. Yarinya kuwa tana zaune a kan kujerar roba kusa da firij tana aikin gida, ana ce mata ta gyara zama, mace ba ta zama haka.

Sau nawa a rana? Sau nawa a shekara biyu?

Lahadi, 16 ga wata, 7:00 na safe

Na shiga da niyya. Na tsaya a gabansa, na buɗe baki, abin da ya fito shi ne, “Baba, in ƙara maka shayi?”

Talata, 18 ga wata, 1:30 na rana, wurin aiki

Ba wai ina kare kaina ba ne, amma a rubuta wannan ma. Ni ke tashi ƙarfe biyar. Ni ke auna sugansa, ni ke yi masa allura, ni ke yanke masa farce, ni ke dafa nasa daban babu gishiri sosai. Ni na bar karatun da na fara don babu mai zama da shi. Ban taɓa barinsa da yunwa ba, ban taɓa ɗaga masa murya ba. Wanda ke ɗauke da tulu ai shi ke nishi. Yaya bai taɓa yin tsaki ba don bai taɓa ɗauka ba.

Na karanta abin da na rubuta. Duk gaskiya ne, kuma bai rage min komai ba.

Na tambayi Abban Gimbiya da safe, “Kai ma kana ji?” Ya ce, “Ina ji.” Na ce, “Shi ne ba ka taɓa faɗa min ba?” Ya ce ya ga na gaji ne, ya ce bari ya bar min wannan ɗin in riƙa sauke numfashi. Ya sosa ƙeya ya ce, “Ni ma da nawa laifin. Na ga yarinyar na zaune a wurin, na yi shiru.”

Laraba, 19 ga wata, 6:10 na yamma

Gimbiya ta daina shiga ɗakinsa. Tana ajiye masa ruwa a bakin ƙofa, ta ƙwanƙwasa, ta gudu. Yau na ga tana leƙensa ta labule yana laluben takalminsa. Ta sa ƙafa ta turo masa shi kusa a hankali don kada ya san ita ce. Ya sani mana.

Da na zo wucewa ta kauce da kumatunta. Ban ɗaga hannu ba, gyalena kawai na gyara.

Alhamis, 20 ga wata, 5:30 na yamma

Na haɗa masa kaya, babbar jaka da ƙarama. Na rubuta wa matar Yaya lokutan magani a takarda har shafi biyu. Ina ninke rigunansa na ce, “Baba, ka zauna mana. Ba za ta ƙara ba.”

Ya daɗe yana murza carbi, sannan ya ce, “Zo nan kusa.” Na matsa. Ya lalubo kaina ya dafa, kamar ina 'yar firamare.

“Ke kin gaji, kuma gajiya ba laifi ba ce. Mai jinya yana da hakkin nishi. Ni da na yi jinyar uwarku na san abin da na faɗa a bayan ƙofa, Allah ya yafe min. Da a kunnena kaɗai abin yake tsayawa, da sai in mutu ban nuna na ji ba. Amma ita yarinyar nan ba ta gaji ba. Koya ta yi. Na zauna na duba, na ga zamana a gidan nan ya fara koya mata abin da za ta yi miki ranar da kika tsufa. Gara in matsa.”

Ya ba ni ƙofa a buɗe, kalma ɗaya kawai ta rage in faɗa. Na ce wai na bar tukunya a wuta. Babu komai a wuta.

Juma'a, 21 ga wata, 6:20 na safe

Gobe.

Asabar, 22 ga wata, 4:00 na yamma

Sun tafi. Amma ƙaramar jakar kaɗai ya ɗauka. Babbar ya ce a mayar ƙarƙashin gado, sati biyu zai yi, don kada man motar da Yaya ya ƙona ya tafi a banza. Bari in rubuta yadda aka yi tun ban manta ba.

Yaya ya kwana a hanya, ya iso ƙarfe tara, ya cika falo da murya. Ko ruwa bai gama sha ba ya ce, “Ina marar kunyar? A kira min ita.” Ta zo ta durƙusa a gaban Baba, ta karanto haƙurin da na haddasa mata, babu kuskure ko ɗaya. Yaya bai gamsu ba.

“Faɗa min, a bakin wa kika ji wannan magana? A makaranta ne? Ko 'ya'yan maƙwabta?”

Shiru.

“Ba da ke nake ba? Babba na tambaya kina shiru? Kun ga irin abin da nake faɗa!”

Ta ƙura wa tayil ido. Ina tsaye taku biyu daga inda take. Ta kalli ƙafar Baba, ta kalli ƙafar babanta, ta kalli ƙafar kujera, ni ce kawai ba ta kalla ba. Da gangan. 'Yar shekara takwas, da marina a kumatunta, da sati uku babu kallon talabijin, tana rufa min asiri. Wannan kam ba ni na koya mata ba.

Na ce, “A bakina ta ji, Yaya.”

Ya ce, “Me?”

Na durƙusa kusa da ita, gwiwata na taɓa tata. Na ce, “Baba, ni ce. Shekara biyu ina faɗa a kicin duk lokacin da ka kira. Ka ji, ita ma ta ji. Ka yafe min.” Baba ya ci gaba da murza carbinsa. Yaya ya buɗe baki, Abban Gimbiya ya miƙa masa kofin ruwa ya ce, “Sha, Yaya, hanya da nisa.”

Sai na juya wajenta, wanda ya fi na farkon wuya. Na ce, “Gimbiya, na mare ki a kan abin da ni na sa miki a baki. Ban kyauta ba. Ki yi haƙuri.”

Ta zaro ido. Ta dubi babanta, ta dawo kaina, sannan ta matso kunnena, da raɗar nan tata da ake ji har matakala.

“Mama, me ake cewa? Wannan ba ki koya min ba.”

Na koya mata amsar sannu, amsar gaisuwa, amsar kyauta, amsar kira. Ban taɓa tunanin wata rana babba zai ba ta haƙuri ba. Yaya ma, mai karin magana a kowane aljihu, ya sunkuyar da kai cikin kofi.

Baba ne ya ce, “Cewa ake ‘ba komai,’ Uwargida.”

Ta juya wajensa. “Ko da akwai komai, Kaka?”

“Ai sai da komai ake faɗa. In babu, me za a yafe?”

Ta sa bayan hannu ta goge min fuska, da ƙarfi, yadda nake goge mata in za ta makaranta. Ta ce, “Ba komai, Mama.”

Baba ya juyo da fuskarsa daidai inda nake durƙushe, ko kaɗan bai kuskure ba.

“Kin ji yadda ta faɗa? To ni ma haka.”